Ƙanwata ta sha Postinor da jar kanwa, al'adarta ba ta zo ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ki taimaka min hankalina a tashe yake. Ƙanwata ce 'yar shekara 16, na ga kwalin Postinor, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, har uku a jakar makarantarta, da na matsa mata sai ta fashe da kuka ta ce wata biyu ba ta ga al'ada ba, ƙawarta ce ta ce ta dinga sha tana korawa da jar kanwa da lemon tsami wai zai wanke. Yanzu kuma mararta ciwo take. Ko Umma ban gaya wa ba. In ciki ne, zai fita da kansa ne? Daga wata 'yar uwa a Kurna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa, yau ɗin nan za ki kai ta asibiti, kada ki bari ta kwana, kuma ban da kemis. Ɓatan wata biyu ga ciwon mara, dole a yi gwajin fitsari da hoton ciki, don wani lokacin cikin a bututun mahaifa yake zama, in ya fashe jinin ta ciki yake zuba ba mai gani sai dai yarinya ta yanke jiki ta faɗi.

Wannan maganar ta "wankewa" kuwa wallahi ta ishe ni, kullum sai na ji ta a ɗakin duba mata. Postinor ba ya zubar da ciki. Aikinsa ya jinkirta fitowar ƙwai, shi ya sa ake shan sa cikin awa 72 bayan saduwa, in ciki ya riga ya shiga ko katan guda ta shanye ba inda za shi, sai dai ta samu tashin zuciya da rikicewar al'ada. Ita kuma kanwa, abin da aka haɗiya tumbi da hanji yake bi, babu wata hanya daga nan da za ta kai shi ya ɗauraye mahaifa, tumbin zai ƙona, ƙoda ta wahala, cikin yana nan daram. Haka ruwan gishiri, haka Andrews (garin maganin ɓacin ciki), haka Ampiclox (maganin kashe ƙwayoyin cuta), haka tsarki da ruwan zafi da 'yan mata suke koya wa juna a bayan aji, alhali maniyyi cikin mintuna yake wucewa ciki kuma yana iya kwana 5 da ransa. Masu cewa saduwa sau ɗaya ba ta sa ciki su zo ɗakin haihuwa su gani.

Abin da nake tsoro shi ne mataki na gaba. In kanwa ta ƙi, sai a kai yarinya wajen wani yaron kemis da bai taɓa shiga aji ba, ya karɓe kuɗi ya ba ta ƙwaya ya ce ta matsa, bayan kwana huɗu a kawo mana ita cikin adaidaita, zani jiƙe da jini mai wari, jiki zafi rau, idanu fari fat. Wata mu samu mu ceto ta, wata sai an cire mahaifar, wata kuma sai dai addu'a. Mu kuma iyaye mun ce kunya, mun bar wa ƙawaye da TikTok tarbiyyar.

Ki kai ta Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ki tafi da kwalayen, ta faɗi duk abin da ta sha kada ta rage komai. In ta fara jiri, ko jini, ko ciwon kafaɗa, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye. Ban da duka, ban da gori, ki lallaɓa ta ki ji waye, don yarinya mai shekarunta sau da yawa yaudara ce ko fin ƙarfi, in haka ne akwai cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a cikin Murtala. Umma kuwa dole ta sani, ki nemo wata gwaggonku mai sanyin hali ku gaya mata tare.