Amsa ga mai tambayar kwasar gungume da tarakta a daji

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko za ka iya kwashe gumaguman da ka sare da bokitin gaban taraktarka, alhali wurin akwai gangara. Za ka iya, amma ka sani ba nauyin gungumen ke fara kayar da tarakta ba, tsayin da ka ɗaga shi ne.

Tayoyin gaban tarakta a kan ƙarfen da ke lilo a tsakiya suke, don haka tayoyin baya ne ke riƙe ta kada ta kife gefe. Da zarar ka ɗora kaya a gaba, baya ya yi sauƙi. Ka ƙara ɗaga bokitin ya wuce bonet, to taya ɗaya ta hau kututturen da ciyawa ta rufe ya isa ya kwantar da ku. Ni dai ba na ɗagawa fiye da abin da zai hana kayan jan ƙasa, kuma hannuna ba ya barin sandar bokitin. In na ji motar ta fara karkata, sauke kayan nake yi nan take.

Kada ka auna ɗanyen ice da ido. Gungumen ice mai tauri, kaurinsa santimita 50, tsawonsa mita 3, yana iya kaiwa kilo 600. Duba abin da littafin motarka ya ce za ta ɗauka, sannan ka rataya mata nauyi a baya ko ka sa a zuba wa tayoyin baya ruwa. Wannan ba don karkata kaɗai ba ne: a yawancin ƙananan taraktoci birki a tayoyin baya yake, in suka yi sauƙi a gangara birkin ya tashi aiki. Shi ya sa nake saka giyar taya huɗu da ƙaramar giya tun kafin in fara sauka.

A tudu, kayan su riƙa fuskantar saman tudun. Ka hau da gaba, ka sauko da ribas, kada ka ratsa gangarar a karkace.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gungumen da aka ɗora a kan bokiti ba ɗauri. In aka ɗaga, gangarowa yake yi ta kan hannuwan bokitin kai tsaye zuwa kujerar direba. Ka samu abin kamu mai haƙora da ke matse shi ta sama, in babu ka ɗaure da sarƙa. Dogo kuwa ka yanke shi tukuna, domin bakinsa ɗaya ya daki bishiya zai juya maka motar.

In ja za ka yi, ka ɗaura sarƙar a ƙarfen ja na ƙasa kawai. Wanda ya ɗaura sama da tsakiyar tayoyin baya, gungumen ya maƙale, gaba zai tashi motar ta kifo masa kafin ƙafarsa ta kai kulochi.

Ƙarfen kariyar da ke bisa kujera a miƙe shi, ka ɗaura bel, don ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Kowa ya yi nesa, musamman yara, kuma kada wani ya shiga ƙarƙashin bokiti a ɗage, tiyon man da ke riƙe da shi na iya fashewa ya faɗo. Kafin ka tayar da injin, taka hanyar da ƙafa, ka sa alama a ramuka da kututtura, ka ɗaga kai ka duba busassun rassa. In ƙasa ta jiƙe, ka jira ta tsane. Allah Ya tsare.