Zan bar aiki a Amurka: in fasa kuɗin fanshona in biya bashi, ko in bar su?

Tambaya: Shekarata 41, na yi shekara tara ina aiki a Amurka da bizar aiki, biyar daga ciki a kamfanin da nake yanzu. Na yanke shawarar ajiye aiki a Disamba in koma gida. Ina da dala 60,000 a asusun fansho na 401(k), ban da dala 8,000 da na ranta daga cikinsa ban gama mayarwa ba. Ana bina dala 14,000 a katunan bashi, da sauran dala 9,000 na mota. Wasu sun ce in kwashe fanshon duka in biya kowa in tafi da canji. Wasu kuma sun ce in tafi abina, ba wanda zai biyo ni. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ko ɗaya kada ka ɗauka. Shawarar farko za ta cinye maka kusan kashi ɗaya cikin uku na gumin shekara tara, ta biyu kuwa za ta bar maka rigima a ƙasar da dukiyarka take ajiye.

Mu fara da lissafi, don dala 60,000 ɗin da kake gani a takarda ba duka ne naka ba. Idan asusunka na gargajiya ne, ba irin na Roth da ake biyan harajin kuɗinsa tun kafin a zuba ba, kuɗin sun shiga ne kafin a cire haraji, saboda haka hukumar haraji ta IRS tana jiran rabonta ranar da ka taɓa su. Wanda ya cire kafin ya kai shekara 59 da rabi, ban da harajin, akwai tarar kashi 10 cikin 100. Akwai sassauci ga wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta, amma kai da sauranka. Idan ka kwashe su a Disamba, za a ɗora su a kan albashinka na wannan shekara a lissafa gaba ɗaya, su tura ka matakin haraji na kashi 22 ko 24. Tara kaɗai dala 6,000 ce, harajin tarayya kuma ya haura 13,000, kafin jihar da kake zaune ta karɓi nata, in tana karɓa.

Yanzu dubi bashin katunan. Kafin dala 14,000 ta zo hannunka daga fanshon, sai ka cire wajen 20,600, ka yi asarar kusan 6,600 nan take. Kuɗin ruwan katunan bashi a Amurka a 'yan shekarun nan ya ɗara kashi 20 a shekara. Mu ce naka 22 ne. Idan ka raba biyan zuwa wata 24, kana ba da kamar dala 725 kowane wata, duk ruwan da za ka biya bai wuce 3,500 ba. Ka ga ko bashi mai tsada irin wannan ya fi fasa asusun sauƙi da kusan rabi. Sharaɗin dai shi ne ka tabbata za ka iya biyan nan da dala. Idan abin da za ka riƙa samu nan gaba da wani kuɗi ne mai iya faɗuwa a gaban dala, lissafin ya sauya, kuma a nan zan yarda ka ciri daidai abin da zai kashe katunan, ba ƙari. Ko shi ɗin ma ka dakata sai shekarar da ba ka da albashin Amurka, lokacin da matakin harajinka ya sauko.

Ka san da wannan kuma: da zarar ka zama ba mazaunin Amurka ba a idon IRS, kamfanin da ke riƙe da asusun zai datse kashi 30 daga duk abin da ka cira, sai fa in ƙasarka na da yarjejeniyar haraji da Amurka. A Afirka ƙasashe huɗu ne ke da ita: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Abin da aka datse ba shi ne harajin ƙarshe ba. Za ka cike fom 1040-NR, takardar harajin waɗanda ba mazauna Amurka ba, a shekarar da ta biyo bayan cirewar, in an riƙe fiye da ƙima a mayar maka. Mutane da yawa ba sa cikewa, su bar wa gwamnati kuɗinsu kyauta.

Abin da ya fi gaggawa a cikin duk jerin nan naka shi ne rancen dala 8,000 da ka ɗauka daga asusun, ko da yake shi ne ya fi kama da mara haɗari tunda kanka kake biya. Yawancin tsare-tsare suna daina cirewa daga albashi ranar da aiki ya ƙare, su zare ragowar daga asusunka su rubuta shi a matsayin kuɗin da ka cira. Daga nan haraji da tara su hau kansa. Tun 2018 doka ta ba da dama zuwa ranar ƙarshe ta miƙa takardun harajin wannan shekarar, wato tsakiyar Afrilu mai zuwa, ko Oktoba in ka nemi ƙarin lokaci, ka zuba adadin a asusun IRA, wato asusun fansho na ƙashin kanka, ka tsira. Amma ya fi sauƙi ka kashe shi daga albashin watannin da suka rage maka.

Mota kuwa ka sayar da ita da kanka ka biya banki. Kada ka kai musu makulli ka ce ga kayansu. Za su yi gwanjonta a wulaƙance, su biyo ka cikon.

Sai masu cewa ka tafi abinka. Gaskiya ne a Amurka ba a tsare mutum a filin jirgi saboda bashin kati, kuma da wuya banki ya kashe kuɗin lauya ya bi ka wata ƙasa a kan dala 14,000. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a same ka da shi. Gudu da haƙƙin mutane ne abin kunyar. Ko ka ajiye wannan gefe, lissafin bai fita ba. Za su iya kai ƙara ba ka nan, kotu ta yanke hukunci a bayan idonka, su kama duk abin da ke asusun bankinka na can. Dokar ERISA ta 1974 ta kare kuɗin 401(k) daga masu bin bashi muddin suna ciki, amma ranar da ka cire su suka sauka a asusun banki, kariyar ta ragu ko ta tafi. Tabon yana zama a tarihin bashinka shekara bakwai, kuma a jihohi da dama wa'adin kai ƙara yana tsayawa muddin ba ka ƙasar. Idan akwai wanda ya sa hannu ya tsaya maka a bashin motar, shi za a kama. In biyan ya gagara, kira su ka nemi sulhu kafin ka tafi, a rubuta yarjejeniyar a takarda. Ka tuna bashin da aka yafe, daga dala 600 zuwa sama, ana kai rahotonsa IRS a lissafa shi kamar kuɗin shiga.

Akwai abu biyu da suka sa nake ganin Disamba ba lokacin tafiyarka ba ne. Na farko, kuɗin da kamfani ke ƙara maka a asusun ba ya zama naka duka sai ka cika wa'adi: wasu kamfanoni shekara uku a dunƙule, wasu kaɗan-kaɗan har shekara shida. Kai kana ta biyar. Tambayi ofishin ma'aikata nawa ne ya tabbata naka, don wata biyu ko uku na iya zama bambancin kashi 20 na rabon kamfanin. Na biyu, fanshon gwamnati na Social Security. Kashi 6.2 da ake yanka a albashinka ba a mayar wa kowa. Sai ka tara maki 40 kafin ka cancanta, kuma huɗu ne iyakar abin da ake samu a shekara. Shekara tara maki 36 ke nan. Makin kuwa da yawan albashi ake auna shi, ba da yawan watanni ba: a 2025 kowace dala 1,810 maki ɗaya ce. Aikin Janairu da Fabrairu kaɗai na iya cika maka huɗun da suka rage. Buɗe shafinka na hukumar Social Security ka ga ainihin makinka, ka kuma duba ƙa'idarsu kan ƙasarka, don ana iya dakatar da biyan wanda ba ɗan Amurka ba idan ya yi wata shida a waje, gwargwadon ƙasar da ya fito.

Ga masu irin tambayarka da ke aiki a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, abin a juye yake. Can kuɗin sallama ake bayarwa a dunƙule. A Hadaddiyar Daular Larabawa albashin kwana 21 ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, sannan kwana 30. A Saudiyya rabin wata ne, sannan wata guda, kuma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara goma ba ya samun cikakke. Bankin da ke binka yakan riƙe kuɗin da zarar sun shigo, kotu kuma tana iya hana ka fita. A can, takardar shaidar cewa banki ba ya binka komai ta fi tikitin jirgi muhimmanci.

Kai dai kafin ka miƙa takardar ajiye aiki, tambayi masu riƙe da asusun ko suna hulɗa da mai adireshin waje. In kana son mayar da kuɗin zuwa asusun IRA, buɗe shi tun kana can, don kamfanoni da yawa ba sa buɗe wa wanda ya riga ya bar ƙasar. Bar asusun banki ɗaya a buɗe, ka kuma riƙe lambar wayar da ake turo maka lambobin sirri, in ba haka ba za ka wayi gari kana kallon kuɗinka ba hanyar shiga. Cike fom W-8BEN, wanda ke shaida cewa kai ba mazaunin Amurka ba ne, bayan ka tafi. Sannan rubuta sunan magajinka a takardar asusun, ka nemi shawarar masanin haraji kan gado, domin wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba, dala 60,000 kacal ta dukiyarsa da ke Amurka ake ɗauke wa harajin gado, kuma asusunka ya riga ya kai nan.