Tana Mai Tsalle a Lambu: Amsa ga Masu Tambaya

Wata 'yar'uwa da ke zaune a jihar Wisconsin ta Amurka ta rubuto cewa ƙasar lambunta ta koma tsaki-tsaki, shukarta ta kasa kama ƙasa, kuma idan ta tona sai ta ga tana mai wutsil-wutsil kamar maciji. Tana neman sunan maganin da za ta saya.

Malama, kada ki ɓarnatar da kuɗinki, domin babu maganin fesawa da aka amince da shi a kan wannan halitta, kuma na gaji da ganin masu lambu suna kashe ƙwari masu amfani saboda gaggawar feshi. Wannan tanar asalinta daga Japan da Koriya take, kuma a shekarar 2013 aka tabbatar da ɓullarta a jiharku, a gandun itatuwa na jami'ar da ke Madison. Ba ta nutsawa can ƙasa. A sama-sama take zama tana cinye ruɓaɓɓen ganye, ta bar kashinta wanda ruwan sama ke kwashewa cikin sauƙi. Alamarta ita ce zoben da ke wuyanta, fari-fari ne, sumul, kuma ya zagaye jikinta gaba ɗaya.

Ki dama garin mustad (wani kayan yaji) kamar giram 40 a lita 4 ta ruwa, ki zuba a ƙasar a hankali, tanar za su fito. Ki ɗauki hoto ki aika wa hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, domin rahoton 'yan sa-kai irinki yana taimaka wa masana su san inda ta kai. Sannan ki ƙulle su a leda, ki bar su a rana, ki jefa a shara.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwan. Sanyin hunturu yana kashe manyan, amma ƙwan yana tsira, kuma tanar ko guda ɗaya ce tana hayayyafa ba tare da barbara ba. Saboda haka kada ki ba maƙwabta dashe da ƙasarsa, ki goge takalmi da fartanya, takin kuma ki rufe shi da leda har ya kai zafin digiri 40 a ma'aunin Celsius na kwana 3.

Wani manomin fadama daga Zariya ya tambaya ko ya kashe tanar gonarsa. Malam, ka bar ta, tamu ta gida sassauta ƙasa take yi, ruwa da iska su shiga.