Tambaya da Amsa: Kwamfutoci Goma Suna Cinye Mini Data

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta a nan Tawa, akwai kwamfutoci 10 a ciki, dukkansu na sa musu tsarin gudanar da kwamfuta na Ubuntu. Damuwata ita ce da zarar na sayi data, ba a kwana biyu sai in tarar ta ƙare, kuma na gano cewa kowace kwamfuta tana sauke sabuntawa da kanta ba tare da na umarce ta ba. Wani abokina ya ce in kashe sabuntawar baki ɗaya in huta. Shin in bi shawararsa? Kuma sau biyu ke nan wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar girka manhaja, daga nan kwamfutar ta ƙi karɓar wata sabuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Shawarar abokinka ba zan goyi bayanta ba, domin mafi yawan abin da Ubuntu ke saukewa da kansa gyare-gyaren tsaro ne, kuma kwamfutar da ɗalibai ke soka mata kebul da filashi iri-iri daga safe har yamma ta fi kowace buƙatar su. Asarar da kake yi tana zuwa ne daga wani wuri dabam: kana biyan kuɗin abu ɗaya har sau goma.

Manhajar da ke kula da girkawa da sabuntawa a Ubuntu sunanta APT, an gaje ta ne daga Debian, tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, kuma tana karanta saitinta daga ƙananan fayiloli da ke cikin /etc/apt/apt.conf.d/, tana bin su ɗaya bayan ɗaya bisa jerin lambobi da haruffan sunayensu, ta yadda abin da ke cikin fayil ɗin da ta karanta daga ƙarshe yake rinjayar na wanda ta fara karantawa idan suka saɓa. Saboda haka nake roƙonka ka buɗe fayil naka na kanka, ka ba shi suna kamar 99cibiya, ka zuba duk gyaranka a ciki. Ranar da wani abu ya rikice, ka san inda za ka duba, kuma goge fayil ɗaya ya isa ya maido da komai yadda yake.

Maganin da ya fi dacewa da kai shi ne ka zaɓi kwamfuta guda, wadda ba a yawan kashe ta, ka girka mata manhajar apt-cacher-ng. Aikinta kamar na rumbu ne a gida: kwamfutar da ta fara neman wata manhaja ita kaɗai ke jawo ta daga intanet, rumbun ya ajiye kwafi, sauran tara kuma su ɗiba daga wurinsa ta wayar da ta haɗa su a cikin ɗaki. Manhajar tana sauraron sauran kwamfutocin ta ƙofa mai lamba 3142, don haka idan adireshin wannan kwamfutar 192.168.1.10 ne, layin da za ka rubuta a fayil ɗin kowace kwamfuta shi ne Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142", kuma kada ka manta ka rufe layin da waƙafi mai ɗigo (;) a ƙarshe, domin rashinsa kaɗai yana sa APT ta ƙi aiki. Sai ka kafe adireshin don kada ya riƙa canzawa, ka kuma tabbatar duka kwamfutocin suna kan fitowa ɗaya ta Ubuntu, misali 24.04, tunda idan rabi na kan 22.04 ne, rumbun zai sauke kaya kashi biyu.

Na san wasu za su ce http ba shi da tsaro. A nan hankali zai iya kwanciya, domin APT tana duba sa hannun babban rumbun Ubuntu na intanet, wato shaidar cewa kayan daga can suka fito, kafin ta girka komai. Abin da nake tsoro shi ne wanda zai ce maka ka rubuta trusted=yes a jerin rumbuna don gargaɗi ya daina fitowa; wannan kashe binciken ne gaba ɗaya, kada ka yarda.

Game da lokacin sabuntawa, fayil ɗin 20auto-upgrades, wanda shi ma ke cikin /etc/apt/apt.conf.d/, yana da layuka biyu, APT::Periodic::Update-Package-Lists da APT::Periodic::Unattended-Upgrade, kuma lambar da ke gaban kowanne adadin kwanaki ce: 1 kullum, 7 mako-mako, 0 kuma a kashe. Ka kwafe su zuwa naka fayil ɗin ka sa 7. Sai dai akwai ɓarakar da wannan ba ya toshewa. Tun daga 22.04, Firefox na Ubuntu yana zuwa ne ta hanyar snap, wani tsarin girka manhaja na dabam wanda ba ya bi ta APT ko ta rumbunka, kuma yana leƙa sabuntawa sau huɗu a rana. Nasa saitin dabam ne, sunansa refresh.timer, da shi za ka kai shi ranar da kuma sa'ar da kake da yalwar data.

Batun ɗaukewar wuta ya fi sauƙi. Idan ana cikin saukewa ne, abin da ya shigo yana nan a /var/cache/apt/archives/partial, kuma galibi APT tana ɗorawa daga inda ta tsaya. Idan kuwa an riga an fara girkawa, ka rubuta sudo dpkg --configure -a, ka bi shi da sudo apt --fix-broken install. In ka ga saƙon cewa an kulle APT, ka ɗan jira tukuna, wataƙila sabuntawa ce ke gudana a ɓoye, kuma goge fayil ɗin kulle a irin wannan lokaci na iya lalata lissafin manhajojin da ke kan kwamfutar. Idan kuɗinka na batirin ajiyar wuta guda ɗaya ne tak, kwamfutar rumbu za ka sa wa, tunda in ta mutu sauran tara ba za su iya sauke komai ta APT ba sai ta tashi.