Tambaya da Amsa: Kwalejin Joliet da Shekararta 125

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na karanta cewa wata makaranta a Amurka mai suna Joliet Junior College tana cika shekara 125 a 2026, wai ita ce uwar kwalejojin al'umma na ƙasar. Shin daidai take da kwalejin kimiyya da fasaha ta wajenmu, kuma me ta tsinana wa yankinta? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta gaskiya ne. An kafa ta a 1901 a garin Joliet na jihar Illinois, kudu maso yamma da Shikago, kuma ita ake ɗauka a matsayin kwalejin al'umma (wato kwalejin karatun shekara biyu bayan sakandare) ta gwamnati mafi daɗewa a Amurka. Da ɗalibai shida ta fara, a cikin ginin sakandaren garin, bayan shugaban sakandaren, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Shikago, William Rainey Harper, sun haɗa kai kan cewa yaro zai iya yin shekara biyun farko na karatun jami'a yana kwana a gidan iyayensa, sannan ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran biyun.

Akwai kama tsakaninta da kwalejojinmu, domin ita ma tana koyar da sana'a kuma tana ba da shaidar karatun shekara biyu, amma bambancin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne wanda ya mallake ta. Tun daga 1967 kwalejin ke da gundumarta ta kanta, mai lamba 525, wadda ta shafi sassan ƙananan hukumomi bakwai. Mazauna gundumar ne ke zaɓen 'yan hukumar gudanarwarta da ƙuri'a, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar da ita yana fitowa ne daga harajin gidaje da filayensu, sauran kuma daga kuɗin makaranta da tallafin jiha. Wanda ya biya haraji kuwa ba ya rasa bakin magana, shi ya sa darussan ke bin abin da mutanen wurin ke ci da shi.

Joliet gari ne da ya yi suna da masana'antar ƙarfe. Da masana'antar ta durƙushe, rashin aikin yi ya yi ƙamari a farkon shekarun 1980, magidanta da yawa suka wayi gari suna bukatar sabuwar sana'a. Ga irinsu kwalejin al'umma ta fi amfani, tunda ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare, kuma ana karatu da yamma, har ka ga mai furfura da ya tashi daga aiki yana zaune kusa da ɗan shekara goma sha takwas a ajin walda ko na aikin jinya. Yau kwalejin tana da reshe a garuruwan Romeoville da Morris, da cibiyar koyar da noma, da wani gini a tsakiyar Joliet inda ake koyar da girki, fannin da ta yi fice a kansa.

Idan kuma tambayar taka tana da nasaba da tura wani yaro can, Malam, ka sani cewa arahar da ake yabon irin waɗannan kwalejoji da ita ta 'yan gunduma ce. Wanda ya zo daga wajen gundumar yana biyan fiye da haka nesa ba kusa ba, balle ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa.