Littattafan Ƙirƙira a Ɗakin Karatun Wasan Kwamfuta: Na Wane Ne?

Malam, na karanta wasiƙarka, kuma ga yadda na fahimce ta. Abokinka yana haɗa wasan kwamfuta, irin wanda ɗan wasa ke shiga rigar jarumi ya yi ta yawo a wata duniya ta almara, sai ya roƙe ka ka cika masa kantocin ɗakin karatun wata fada da ke cikin wasan. Ka ƙirƙiri littattafai 40. Daga ciki 28 suna ne kawai a jikin bango, irin su "Kundin Sarakunan Ƙarƙashin Ruwa", sauran 12 kuma idan ɗan wasa ya taɓa su sai su buɗe, ya karanta shafi biyu ko uku. Kun yi ciniki ta WhatsApp, ya ba ka rabin kuɗin, wasan ya fita, babu sunanka a ko'ina. Yanzu kana cewa ɗakin karatun gaba ɗaya naka ne, kana so kotu ta dakatar da wasan. Ban ga saƙonninku ba, ban kuma ji ta bakinsa ba, saboda haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan wata hujja ta ɓullo.

Da wuya ɗakin karatun gaba ɗaya ya zama naka a idon doka. Dokar Haƙƙin Mallakar Fasaha ta 2022, wadda ta fara aiki a 2023, rubutun da aka tsara take karewa, ba ta kare tunanin da ya haife shi. Dabarar a ce akwai littafin da ke ba da tarihin aljanun ruwa ba mallakar kowa ba ce, kuma kowa yana iya rubuta nasa gobe. Sunan littafi shi kaɗai ma, a mafi yawan lokuta, kotuna ba sa ɗaukarsa a matsayin aikin adabi, domin kalmomi uku ko huɗu sun yi kaɗan. Na san ka ce sunayen nan 28 sun fi cin maka lokaci, kuma ban musa ba, amma wahalar da aka sha ba ita kaɗai ake dubawa ba. Ana iya kafa hujja da yadda ka zaɓo su ka jera su a matsayin tari guda, sai dai ba hujjar da zan so in jingina shari'a a kanta ba ce.

Littattafan nan 12 su ne ƙarfinka. Haƙƙinsu ya tabbata tun ranar da ka rubuta su, ko ka yi rajista da hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa ko ba ka yi ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. A ƙa'ida marubuci ne mai haƙƙi na farko sai in wata yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa haƙƙin ga wani ɗungurungum ba ya inganta sai a rubuce. Idan abokinka yana yawo yana cewa ya saya tunda ya biya, to ya kamata ya nuna inda aka rubuta hakan.

Sai dai doka ɗin nan ta yarda cewa izinin amfani na gama-gari, wato wanda ba a keɓe wa mutum ɗaya shi kaɗai ba, yana iya zama na baki, ko a fahimce shi daga halayyar mutum. Kai da kanka ka tura masa rubutun domin ya sa a wasan, ka kuma karɓi kafin alƙalami. Zai yi wuya ka tsaya gaban alƙali ka ce an yi amfani da shi ba da saninka ba. Mai yiwuwa abin da ke hannunka bashi ne na ragowar kuɗi, tare da haƙƙinka na a ambaci sunanka a matsayin marubuci, wanda doka ta tanada daban kuma biyan kuɗi ba ya shafe shi.

Ƙarar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin saurarenta, kamar yadda sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Umarnin dakatarwa kuwa alƙali ba ya cika bayar da shi a inda diyyar kuɗi za ta wadatar, kuma kuɗin lauya da zirga-zirga na iya ninka abin da kake bi.

Shawarata ita ce ka adana saƙonnin da shaidar tura kuɗin da ainihin rubutunka mai kwanan wata, sannan lauya ya rubuta masa takarda cikin ladabi. A nemi ragowar kuɗin, a sa sunanka a jerin waɗanda suka yi aikin idan za a sabunta wasan, a kuma rubuta ƙarara cewa izininsa na wannan wasan ne kawai, ta yadda in ya so ya buga littattafan daban ko ya sa su a kashi na biyu na wasan sai ya dawo gare ka. In ya yi kunnen ƙashi, akwai cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotunan jihohi, kamar ta Kano da ta Legas, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can idan alƙali ya sa mata hannu tana da ƙarfin hukunci. Kafin nan, ka daina zarginsa da sata a Facebook, domin kada a wayi gari kai ne ke amsa ƙarar ɓata suna.