Amfilifaya da firi'amf: in raba su ko in haɗa?

Tambaya: Malam, ina da lasifika 5 masu om 4. Wace amfilifaya zan saya wa falona, kuma sai da firi'amf daban? Mai karatu, Birni, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba bayan amfilifayar, wato injin da ke ƙara wa murya ƙarfi. In om 8 kawai aka rubuta, bar shi: om ma'aunin yadda lasifika ke tare kuran ne, naka masu om 4 za su ja kuran fiye da ƙarfinsa, ya yi zafi ya ɗauke. Wat ɗin RMS za ka duba, wato ƙarfin da injin ke iya bayarwa a kai a kai; PMPO, babban adadin wat da ake bugawa a kwali, talla ce. Amfilifaya maras ƙarfi in an matsa mata, muryar takan tsage ta ƙona ƙananan lasifika masu fitar da siririyar murya.

Firi'amf zaɓen na'urar da za a saurara da daidaita murya ne aikinta. Ƙaramin falo injin da ya haɗa biyun ya ishe shi. Kuranmu bolt 220 ne, kayan Amurka 120, sai ka duba bolt ɗin injin kafin ka saya. Bar wa injin sarari santimita 10 a sama saboda zafin bazara.